Na'urar ƙayyade gudu: Ƙafar direba ce a kan totur, amma rayukan na jama'a ne

Ranar 1 ga Fabrairun 2017 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ta fara tilasta wa masu motocin haya sanya na'urar da ke ƙayyade gudu. Kafin a kai ga ranar an sha ɗage wa'adi, an yi ta kai ruwa rana da masu sufuri, har Majalisar Wakilai ta sa baki tana neman a dakata. Daga 1 ga Oktoban 2016 aka ba da watanni huɗu na jan kunne ba tare da tara ba, sannan shugaban hukumar na lokacin, Boboye Oyeyemi, ya ce alƙalami ya bushe. Shekaru sun ja, dokar tana nan a rubuce. Amma duk ɗan unguwar Mabera ta Sakkwato da ya saba shiga motar haya zuwa Gusau ko Birnin Kebbi ko Illela ya san inda allurar maleji ke kaiwa da zarar an bar gari.

Tambayar da ke gabanmu ita ce: shin hukuma na da hurumin sa hannu cikin injin motar mutum ta hana ta wuce wani gudu, ko kuwa hakan shiga sharo ba shanu ne, tauye 'yancin mai mota? Ra'ayina shi ne tana da wannan hurumi a kan duk motar da ke ɗaukar rayukan wasu don kuɗi, kuma jinkirin aiwatar da dokar yana ci mana rayuka. Sai dai na'urar ba ta isa ita kaɗai ba, kuma gwamnatin da ke neman direba ya rage wuta akwai bashin da direban ke bin ta.

Abin da na'urar ke yi

Mutane da yawa na zaton na'urar birki take takawa. Ba haka ba ne. Ana haɗa ta ne da hanyar da mai ke bi zuwa inji, tana karanta gudun motar. Idan an kai iyakar da aka saita, sai ta rage man da ke shiga, ko direba ya danne totur har ƙasa motar ba za ta ƙara ba. Ƙasa da wannan iyaka kuwa mota tana nan da ƙarfinta, tana jan kaya, tana hawa tudu.

Iyakokin ma ba sababbi ba ne, suna cikin ƙa'idojin tuƙi na Najeriya tun kafin na'urar. Ƙaramar motar gida: kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi. Tasi da bas: 50, 80 da 90. Tanka da tirela: 45, 50 da 60. Ke nan na'urar ba ta ƙwace wa direba wani haƙƙi da doka ta ba shi ba. Abin da ta ƙwace shi ne ikon karya dokar a inda babu mai ganinsa.

Dalilin matsa wa gudu lamba kuwa lissafi ne. Motar da ke tafiyar kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Kafin idon direba ya ga rami ko saniya, ƙwaƙwalwarsa ta yanke shawara, ƙafarsa ta sauka kan birki, motar ta riga ta shafe wannan tazara ko fiye. Idan aka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya ninkuwa yake sau huɗu, haka ma ƙarfin karon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudu na ƙara haɗarin mutuwa da kashi 4 cikin 100, kuma haɗurran hanya na kashe mutum kusan miliyan 1.19 duk shekara a duniya. A nan gida, alƙaluman FRSC sun nuna mutum 5,081 suka rasu a 2023, sannan 5,421 a 2024, kuma shekara da shekaru gudun wuce kima ne ke kan gaba a jerin dalilan da hukumar ke lissafawa. Waɗannan su ne waɗanda labarinsu ya kai ga hukuma. Wanda aka kwasa daga bakin hanya aka kai gida aka yi masa sutura kafin la'asar, sau da yawa ba ya shiga kowane littafi.

To me ake samu a madadin wannan kasada? Daga Sakkwato zuwa Gusau tafiyar kilomita 200 ce da 'yan kai. Idan aka ɗauki 200 cif, mai tafiya a kan 90 zai yi awa biyu da minti 13, mai tafiya a kan 120 zai yi awa ɗaya da minti 40. Bambancin minti 33 ne, shi ma sai idan babu shinge, babu rami, babu kasuwar ƙauye a bakin titi. Rabin awa ake saye da rayukan mota guda.

'Yancin wa ake magana?

Masu adawa da irin wannan doka a Turai da Amurka kan ce mota dukiyar mai ita ce, balagagge ne, shi ya san kasadar da zai iya ɗauka. Maganar tana da nauyi idan kasadar a kansa kaɗai za ta ƙare. A hanyoyinmu ba haka abin yake ba.

A je tasha da sassafe a tsaya kusa da Sharon ɗin da ake yi wa lodi. An cusa mutum biyu a kujerar gaba, huɗu a tsakiya, na baya sun takure, but ya ƙi rufuwa saboda buhuna har sai da aka ɗaure shi da igiya. Akwai tsohuwa mai zuwa duba jikanta, akwai ɗalibi, akwai mai jego da jariri a cinya. Ɗan kamasho ya karɓi nasa, an yi addu'ar tafiya. Daga wannan lokaci mutum ɗaya ne ke da ƙafa a kan totur. In tafiya ta yi tafiya tsohuwar ta ce, "Direba, don Allah a rage wuta, muna da iyali," amsar da aka saba ji ita ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki, hanyar nan tafin hannuna ce." Wani lokaci ma wani fasinjan ne zai tsoma baki: "Rabu da ita, taka mu je, sauri muke." Ita ba ta da zaɓi. Ta biya kuɗinta, ba za ta sauka a tsakiyar daji ba.

Wannan tsohuwa ita ma tana da 'yanci, kuma nata ya fi na direban tushe: 'yancin isa gida da ranta. Haka mai keken da ke gefen hanya, da yaron da ke kora tumaki zai tsallaka, da direban da ke tahowa a ɗaya hannun yana bin ƙa'ida. Babu wanda ya nemi yardarsu kafin a taka 140. Idan 'yanci biyu suka yi karo, ɗaya na jin daɗin gudu ko ƙarin sawu, ɗaya na rayuwa, ba a buƙatar dogon nazari kafin a san wanda za a fifita.

Addininmu ma bai bar wannan a buɗe ba. Kare rai na cikin manyan manufofin shari'a, kuma kisan kuskure na da diyya da kaffara. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na takwas a ƙasar Burunai cikin Yunin 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, kuma direban da ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka yana ɗaukar alhakin ɓarnar da ya jawo. Imani da ƙaddara gaskiya ne, da shi muke samun haƙuri a gidan makoki. Amma bai taɓa zama wanke laifin wanda ya yi ganganci ba. Muna yawan cewa "kwana ne ya ƙare" mu rufe magana, alhali akwai tambayar da ya kamata a yi wa mai rai.

Kukan direba ma abin saurare ne

Rashin adalci ne a ɗora komai a kan direba. Akwai ƙorafe-ƙorafe uku da nake ganin dole a amsa su da gaskiya.

Na farko shi ne tsaro, kuma a wannan yanki shi ne mafi nauyi. Direban da ke bin hanyar Gusau zuwa Funtuwa, ko gabashin Sakkwato wajen Isa da Sabon Birni, ba don nishaɗi kaɗai yake gudu ba. Yana tsere da faɗuwar rana ne. Babu wanda ya manta da matafiyan da 'yan bindiga suka ƙona cikin mota a yankin Sabon Birni a Disambar 2021. Idan direba ya ce, "Ku ɗaure min mota a 90, in sun fito fa?" ba za a yi masa dariya ba. Amma a duba yadda harin kan faru: tare hanya ake yi, a buɗe wuta daga gaba, galibi a inda titi ya lalace dole a rage gudu. A irin wannan wuri abin da ke ceton mota shi ne direba ya hango da wuri, ya iya tsayawa ya juya, kuma mai tafiya a kan 90 ya fi mai 140 samun wannan dama. Babur ɗin da ke ɗauke da mutum biyu ko uku da makamai ba kasafai zai kamo motar da ke kan 90 a kwalta ba. Duk da haka, maganin wannan tsoro yana hannun gwamnati. Ba daidai ba ne a ce wa mutum ya tafi a hankali a hanyar da aka kasa tsare masa.

Na biyu shi ne shan gaban wata mota. Yawancin hanyoyinmu falle ɗaya ne, kuma direba kan ce yana buƙatar ƙarin wuta don ya wuce tirela kafin mai zuwa ta iso. Amsar ita ce tirelar da ke bin ƙa'ida a kan 50 ko 60 take, mai 90 zai wuce ta ba wahala. Matsalar na tasowa ne idan an ɗaure ƙananan motoci an bar manya suna sheƙa gudu. Saboda haka dokar ko dai ta hau kan kowa, ko ta zama sabon haɗari. Wucewar da kuwa ba za ta yiwu ba sai an kai 130, wucewa ce da bai kamata a fara ta ba.

Na uku shi ne kuɗi da amana. Lokacin da aka kawo dokar, kuɗin na'urar ya haura naira dubu talatin, kuma sai a wurin dillalan da aka amince da su. Direbobi da yawa sun ɗauke ta a matsayin wata hanyar tatsa. Ga balas da mai mota ke jira kowace yamma, ga kuɗin tasha, ga na shingaye, ga man da ya yi tashin gwauron zabo tun bayan cire tallafi a Mayun 2023. Mutumin da abincinsa ya dogara da yawan sawu, dole ƙafarsa ta yi nauyi. Shi ya sa wasu suka sa na'urar don su karɓi takarda, suka koma wurin mai gyaran waya ya cire mata fiyus. Sai dai akwai lissafin da ya kamata shugabannin tasha su riƙa yi wa mambobinsu: mota ta fi shan mai sosai a kan 120 fiye da 90, saboda iskar da take turewa, ga cin taya da birki. A tsadar man yau, rage wuta riba ce a aljihun direba tun kafin a zo maganar rai.

Darasi daga waje

Ƙasar Kenya ta riga mu gwada wannan. A farkon 2004 ministan sufuri John Michuki ya tilasta wa motocin haya na'urar da ke tsayar da su a kilomita 80, tare da bel ga kowane fasinja da hana lodin wuce kima. An yi yajin aiki, mutane sun yi ta takawa a ƙasa, bai janye ba, kuma mace-mace suka ragu a shekarar. Da aka sauya masa ma'aikata aka sassauta, sai aka koma gidan jiya. Darasin a fili yake: ƙarfin na'urar yana ga mai duba ta.

A Tarayyar Turai an daɗe da ɗaure manyan motocin kaya a 90, bas-bas a 100, kuma ba a jin ana kiran hakan zalunci. Kan motocin gida ne aka yi taka-tsantsan. Daga Yulin 2024 duk sabuwar motar da za a sayar a can sai tana da na'urar da ke gane iyakar gudun hanya ta kyamara ko taswira, ta yi ƙara ko ta ɗan tura totur baya, amma direba na iya rinjayarta. A jihar Kalifoniya ta Amurka majalisa ta amince da doka mai kama da wannan a 2024, gwamna Gavin Newsom ya ƙi sa hannu. Ke nan ko a ƙasashen da suka fi mu kayan aiki an bambanta motar da ke ɗaukar jama'a da motar gida. Wannan bambanci ya dace da mu. A ɗaure motar haya da ta kaya. Motar gida kuwa, wadda yawancinta tsohuwa ce 'yar Kwatano, a fuskance ta da kyamarar auna gudu da tara mai zafi da ƙwace lasisin mai maimaita laifi, domin tilasta wa miliyoyin motoci na'urar da aka kasa tabbatar da ita a tashoshi kaɗan ɗaukar Dala ba gammo ne.

Abin da na'urar ba za ta yi wa Mabera ba

A nan ne masu goyon bayan na'urar ya kamata su yi hattara. An saita ta ne don babbar hanya. Motar da aka ɗaure a 90 tana iya shiga cikin unguwa a kan 70 na'urar ba ta ce uffan ba, kuma 70 a Mabera kisa ne.

Mabera na cikin unguwannin da suka fi cunkoson jama'a a Sakkwato ta Kudu. Shekaru da dama kukanta shi ne ambaliya da tituna marasa kyau, kuma ramukan nan, duk da azabarsu, su ke tilasta wa kowa tafiya a hankali. Yanzu da aka shimfiɗa sababbin tituna a sassan unguwar, abin farin ciki ne, amma sabuwar kwalta na zuwa da nata haɗarin. A tsaya a bakin titi lokacin tashi daga Islamiyya: yara cikin hijabi da 'yan jakunkuna suna fitowa garke guda, ƙaramin yana riƙe da gefen rigar yayarsa, mai ƙosai ta kafa kaskonta dab da kwalta, Keke Napep ya tsaya ba sigina, ɗan kabu-kabu ya kurɗo ta bayansa, sai ga matashi ya karɓi motar gidansu yana gwada ta. A kan 50 mota na cin kusan mita 14 a daƙiƙa, a kan 30 kuwa mita 8. Tsakanin waɗannan biyu ne ake samun bambancin yaron da ya tsorata da yaron da aka kwasa zuwa Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Shi ya sa taron ministocin duniya kan kiyaye haɗurra da aka yi a ƙasar Suwidin a Fabrairun 2020 ya nemi a mayar da iyakar gudu 30 a duk inda motoci ke cuɗanya da masu tafiya a ƙasa.

Abin da unguwa ke buƙata shi ne tudun rage gudu da injiniya ya tsara aka yi masa fenti, ba wanda matasa ke ginawa cikin fushi washegarin an kaɗe yaro ba. Tana buƙatar wurin tsallakawa a gaban makarantu da masallatai, da gefen titi na masu tafiya a ƙasa wanda 'yan tireda ba su mamaye ba, da fitilu masu aiki. Tana kuma buƙatar iyaye su daina miƙa makullin mota ko babur ga yaron da bai kai shekara 18 ba, masu unguwanni su hana wasan mota a ranar ɗaurin aure. Babu na'urar da za ta yi mana wannan.

A fara daga sama

Doka na samun daraja ne idan mai yin ta ya fara bin ta. Ayarin manyan jami'ai na cikin masu gudun da ya fi tayar da hankali a hanyoyinmu. A Nuwamban 2013 Farfesa Festus Iyayi, tsohon shugaban ƙungiyar malaman jami'o'i, ya rasu kusa da Lokoja a karo da wata mota daga ayarin gwamnan Kogi. A Maris na 2016 ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, binciken FRSC kuma ya ambaci gudu da matsalar taya. A ƙarshen Mayun 2025 'yan wasan Kano sama da 20 suka rasu a hanyar dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa a jihar Ogun, hukumar ta danganta lamarin da gajiya da gudu. Gudu bai san mai muƙami ba. Direban tasha da jiniya ta kora gefen hanya ba zai yarda cewa don rai ake tare shi ba.

Lokaci kuma yana ƙurewa. Ana aikin tagwaita hanyar Zariya zuwa Funtuwa da Gusau da Sakkwato, an kuma ƙaddamar da babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagiri mai tsawon kilomita sama da 1,000 a Oktoban 2024. Ranar da waɗannan hanyoyi suka kammala, ramin da ke rage mana gudu ya tafi, abin da ya rage shi ne tarbiyyar direba da ƙarfin doka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Don haka kirana ga Gwamnatin Jihar Sakkwato shi ne ta fara sanya na'urar a motocinta da bas-bas ɗin sufurinta, ta kuma taimaka wa direbobin haya su biya kuɗin tasu kaɗan-kaɗan. FRSC ta mayar da binciken cikin tasha kafin mota ta tashi, ta gwada ko na'urar na aiki maimakon duba takarda a bakin hanya, hukuncin cire ta kuma ya hau kan mai motar da wanda ya cire. Ƙungiyar direbobi ta NURTW da takwarorinta su hana lodi ga motar da ba ta da ita, su kuma zauna da masu motoci a sassauta balas ɗin da ke tura direba yin sawu biyu a lokacin sawu ɗaya. Jami'an tsaro su riƙe hanyoyin da tsoro ke sa a yi gudu. Malamai su kawo maganar kan mumbari, domin haƙƙin rai ne.

Kai kuma fasinja, kuɗinka ka biya, kana da bakin magana. Idan direba ya wuce kima ka gaya masa, idan wani ya riga ka faɗa ka mara masa baya, kada ka bar tsohuwa ita kaɗai tana roƙo. In ya ƙi ji, ka kai ƙararsa ga shugabannin tasha ko ka kira FRSC a lamba 122. Sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya kai mu gidajenmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a kan hanya.